Ciki ya shiga wata na goma, Hajiya ta aiko da jiƙon naƙuda: in sha ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Sista. Wannan cikina na uku ne, biyun farko da kaina na haife su lafiya. A lissafin uwar mijina na shiga wata na goma, amma a katin awo satina 39 da kwana biyu. Na gaji ƙwarai, ƙafafuna sun yi nauyi, barci ma ba na samu. Jiya Hajiya ta aiko mini da jiƙo a gora, ta ce maganin zaƙi ne kuma yana tayar da naƙuda, wai duk matan gidan shi suka sha. Ƙawata kuma ta ce in sha man zurma ko in yawaita cin dabino. Ina jin nauyin ƙin shan na Hajiya. Don Allah mene ne gaskiyar waɗannan magunguna?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da fama, Allah ya raba ku lafiya. Bari in fara ba ki amsar a dunƙule, don ko ba ki kai ƙarshen bayanin nan ba ki tafi da abin da ya fi muhimmanci. Abin da ke cikin gorar nan kada ki sha. Man zurma ki bar shi a kemis. Dabino kuwa ki ci abinki, matuƙar ba a ce miki kina da suga ba. Sannan wannan nauyin ƙafa da kika ambata a tsakiyar magana, ni shi ya fi ɗaukar hankalina: ki je a auna jininki a duba fitsarinki cikin kwana ɗaya ko biyun nan, kada ki jira ranar awo.

To, mu fara da lissafi, don a nan rigimar take farawa a gidaje da yawa. Mu a asibiti kwana 280 muke ƙirgawa daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, wato sati 40. Hajiya kuwa da watan sama take ƙirga, shi kuma kwana 29 ne ko 30. Wata tara na sama bai wuce kwana 266 ba. Kin ga kenan duk macen da ake yi wa lissafi da tsayuwar wata sai ta shiga na goma alhali da sauran sati biyu kafin ranar da aka rubuta mata a kati. Ke yau kwananki 275. Hajiya ta yi daidai da ta ce kin shiga wata na goma, katin ma ya yi daidai da ya ce lokacinki bai wuce ba. Ita kanta ranar da aka rubuta ɗin ba alƙawari ba ce. A cikin mata ashirin, kusan ɗaya ce ke haihuwa a ranar cif. Duk haihuwar da ta zo tsakanin sati 37 da 42 a kan lokaci ta zo. Kuma kwanakin nan da kike ganin kamar zaman banza ɗan yake yi, huhunsa da ƙwaƙwalwarsa suna ta ƙarasa nuna ne, yana tara kitsen da zai riƙe masa ɗumi idan ya fito.

Sai maganar zaƙi. Tun ina yarinya nake jin ana hana mai ciki shan rake da zuma da shayi mai sukari, wai zaƙi zai taru ya tare wa ɗa hanya, sai ya gama zuba tukuna a haihu. Wannan abu mai yauƙi kamar majina da mace ke gani yana fita dab da haihuwa, wani lokacin da ɗigon jini, shi ake kira zaƙin. Ba sukari ne ya tara shi ba. Toshiya ce da Allah ya sa a bakin mahaifa tun farkon ciki don ta hana ƙwayoyin cuta hawa wurin ɗa, kuma tana saukowa ne da kanta idan bakin ya fara laushi. Ko mace ba ta taɓa lasar zuma ba sai ta gan shi. Amma iyayenmu ba su yi batan kai gaba ɗaya ba, sun lura da wani abu na gaskiya: macen da suga ya hau mata lokacin ciki takan haifi ɗa ƙato, kafaɗarsa ta maƙale, a sha wuya. Sai dai wannan gwajin jini ke gano shi, gyaran abinci da magani ke saukar da shi. Jiƙon sassaƙe ba ya wanke shi.

Kafin ki gane dalilin da ya sa nake tsoron gorar nan, sai kin san yadda naƙuda take aiki. Abu biyu ne suke tafiya tare. Akwai jikin mahaifa, tsoka ce mai ƙarfin gaske, ita ke matsawa tana turo ɗa. Akwai kuma bakinta, wanda ya yi wata tara a rufe gam. Idan na sa yatsa na duba macen da lokacinta bai yi ba, bakin nan tauri gare shi kamar kan hanci, dogo, yana can baya. Idan ya nuna sai in ji shi da laushi kamar leɓe, ya gajarce, ya matso gaba. Tun 1964 wani likita Ba'amurke mai suna Edward Bishop ya tsara yadda ake ba wannan nuna maki, har yau da shi muke aiki kafin mu taɓa mace da maganin naƙuda. In aka tilasta wa mahaifa matsawa alhali ƙofar ba ta nuna ba, wahala kawai za a tara wa uwa da ɗa.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ɗa a ciki ba da hanci yake numfashi ba, ta mabiyiya yake samun iska daga jinin uwarsa. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, jijiyoyin da ke kai jinin nan sai su matse, iskar ta ragu. Idan ciwon ya lafa sai jini ya koma ya cika. Wato ɗan nan kamar mai nutso yake a kogi, ya nutse ya taso ya shaƙi iska, ya sake nutsewa. Naƙudar kirki takan zo sau uku zuwa biyar a minti goma, kowace ta yi kamar minti ɗaya ta saki. Idan ta wuce sau biyar a minti goma, ko ta riƙe ta ƙi saki, to an danne kan mai nutso a ruwa kenan. Hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo, wanda 'yan rakiya ke gani kamar naƙudar ce ta yi sanyi har su ce a ƙara mata magani, shi ne numfashin ɗan.

Shi ya sa in kin taɓa ganin yadda muke sa ruwan naƙuda za ki ga ba ma matsawa daga gefen gado. Ina ɗaura ledar ruwan, in buɗe 'yar ƙusar kaɗan, idona a kan agogo ina ƙirga ɗigo. Tafin hannuna ɗaya yana kan cikin matar, ina jin lokacin da ya yi tauri da lokacin da ya saki. Bayan kowane rabin awa in ɗora abin saurare in ƙirga bugun zuciyar ɗan, ina so in ji tsakanin 110 da 160 a minti. Da na ji ciwon ya fara haɗewa ko bugun ya faɗi, sai in murɗe ƙusar in kwantar da ita ta gefen hagu. Maganin da ke cikin ruwan, oksitosin, cikin 'yan mintoci ƙarfinsa ke raguwa a jini. Yanzu ki faɗa mini, kofin jiƙon da ya riga ya wuce maƙogwaro, ina ƙusarsa da za a murɗe?

Kada ki ɗauka ina cewa itatuwa ba sa aiki. Da ba sa aiki da hankalina ya fi kwanciya. Akwai wani baƙin abu, dangin fumfuna, da ke fitowa a zangarniyar wani hatsi na ƙasashen Turai mai kama da alkama, ana ce masa argot. Ungozomomin can sun daɗe suna ba mata shi don naƙuda ta yi sauri. A 1808 wani likita a jihar New York, John Stearns, ya rubuta yana yabonsa, likitoci suka rungume shi, suka sa masa suna garin haihuwa. Ba a yi shekara ashirin ba aka ga jariran da ake haifa babu rai sun yawaita, har wani babban likitan birnin New York, David Hosack, ya ce sunan da ya dace da shi garin mutuwa, ya ba da shawarar a daina ba da shi sai bayan ɗa ya fito, don tsayar da jini. A 1935 aka ware sinadarin da ke cikinsa, agometirin, kuma har gobe yana cikin kabad ɗinmu na ɗakin haihuwa. Muna yin allurarsa idan jini ya ɓalle bayan haihuwa, amma babu ungozomar da ta san aikinta da za ta yi wa mace shi da ɗa a ciki. Magani ɗaya ne, ya kashe a gaba ya ceta a baya, bambancin lokaci ne da awo.

Awon nan shi ne babu a jiƙo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan fage kimar ido ba ta isa ba. Saiwar da aka tono da rani ba ƙarfinta ɗaya da ta damina ba. Wadda ta kwana ɗaya a ruwa daban da wadda ta kwana uku. Mai haɗawar ma sau da yawa ba za ta faɗa miki abin da ta zuba ba, sirrin gado ne. Don haka in Hajiya ta ce matan gidan duk sun sha sun haihu lafiya, ban ƙaryata ta ba. Yawancinsu dama lokacinsu ya yi, ko ruwan randa suka sha za su haihu a satin. Waɗanda kuma abin ya zo musu da tangarɗa ba a cewa jiƙon ne, sai a ce kwana ya ƙare.

Akwai wata mata da ba na mantawa. Haihuwarta ta bakwai, duk shidan a ɗaki ta durƙusa ta haife su ba tare da ko maƙwabta sun ji ba. Aka kawo ta da asuba a bayan a-kori-kura, kishiyarta da ƙanwar mijin suna riƙe da ita. Suka ce tun la'asar take naƙuda, da isha aka ba ta kofi ɗaya, da abin ya ƙi gaba aka ƙara mata biyu. Ciwo ya taso babu ƙaƙƙautawa, tana ta juyi, can wajen ƙarfe biyu ta yi ƙara ɗaya sai ciwon ya ɗauke ɗif. Suka yi hamdala, suka ce ta samu ta huta, har suka ɗan runtsa. Da na yaye zanen, cikin ya canja siffa, ya baje. Na ɗora hannu sai na ji gwiwar ɗan da ƙafarsa a ƙarƙashin fata kamar babu komai a tsakani. Tafin hannunta fari fat, jikinta sanyi ƙalau, tana ta roƙon ruwa. Mahaifar ta fashe. Ɗan a gicciye yake tun farko, babu ƙarfin da zai fito da shi ta hanya, ita kuma mahaifar da ta ɗauki ciki bakwai ta riga ta yi sirara. An cire mahaifar, an ƙara mata jini leda huɗu, ta rayu. Ɗan namiji ne, a zane aka miƙa wa ƙanwar mijin shi. Matan nan ba mugunta suka yi ba, ƙauna ce ta sa suka ba ta. Abin da ya rage musu kawai babu wanda ya taɓa cikin ya san yadda ɗan yake kwance.

Ga tambayoyin da jiƙo ba ya yi. Kan ɗan ne a ƙasa ko ɗuwawu, ko a gicciye yake? Mabiyiya tana sama ko ta sauko ta rufe ƙofa? Kan zai wuce ƙugun uwar? Ɗaya ne ko tagwaye? An taɓa yi mata aiki, akwai tabo a mahaifar? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya mayar da maganin naƙuda ajali. Haihuwa biyu lafiya da kika yi abin godiya ne, amma kowane ciki da irin zamansa.

Wani abin da ya ƙara lalata lamarin a 'yan shekarun nan shi ne maganin asibiti ya fita kasuwa. Akwai ƙwaya misoforostol, wasu sun fi saninta da Cytotec, 'yar fara mai kusurwa shida. Magani ne mai daraja, yana ceton mata daga zubar jini bayan haihuwa. Idan za mu tayar da naƙuda da ita, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mace a lokaci ɗaya maikurogiram 25 ne, ita kuwa ƙwaya guda 200 ce, ninki takwas kenan, kuma sam ba a ba macen da aka taɓa yi wa aiki. Da hannuna na sha zaro ƙwaya biyu, ba su gama narkewa ba, daga gaban matar da 'yan'uwanta suka rantse mini rubutu kawai ta sha. Haka allurar naƙuda da ake kiran mai kemis ya zo gida ya yi a cinya: abin da muke ɗigawa a hankali cikin awanni shi ake turawa a tashi ɗaya. Kuma ba ki da hanyar sanin ko an daka irin wannan ƙwaya a gorar da ta biyo hannu uku kafin ta iso gare ki. Ko kwalba ce mai lambar NAFDAC, ki karanta ƙananan rubutun jikinta, za ki ga hukumar da kanta ta ce ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka rubuta ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. A Afirka ta Kudu matan Zulu suna shan wani jiƙo da suke kira isihlambezo a watannin ƙarshe. Masu bincike a can sun gwada wasu tsirran da ake zubawa a ciki, sun tabbatar suna murɗa mahaifa da gaske, likitocinsu kuma sun lura matan da suka sha sun fi zuwa da ruwan faya kore, alamar ɗa ya wahala har ya yi kashi a ciki. In ya shaƙi wannan kashin zuwa huhu, sai a haife shi yana gurnani, a kwana ana fama da shi a kan iskar oksijin. A Amurka ma akwai wata saiwa da ungozomomin gargajiya ke bayarwa, bulu kohosh, an samu jariran da ta taɓa wa zuciya. Ganyen rasberi da ake tallatawa a intanet a matsayin shayin sauƙin haihuwa, an gwada shi a Ostireliya a kan mata 192, ba a ga ya tayar da naƙuda ba.

Yanzu man zurma, wanda ake sayarwa da sunan kasto. Shi aikinsa a hanji yake farawa, yana kawo murɗa da gudawa, sinadarinsa kuma yana taɓa mahaifa. Binciken da aka yi a kansa bai tsaya a magana ɗaya ba: wani ƙaramin gwaji ya nuna yana tayar da naƙuda cikin kwana ɗaya ga matan da lokacinsu ya riga ya cika, wani da aka yi a kan mata fiye da 600 a iyakar Tailan da Bama bai ga wani bambanci ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne tashin zuciya da zawo. Ki yi tunanin shiga naƙuda bayan kin kwana kina zarya bayi, jiki ya bushe, ƙafa na rawa, a garin da ake zafin nan namu. Filasko da rai-ɗore da sauran masu wanke ciki duk layinsu ɗaya. 'Ya'yan zurmar kansu kuwa guba ce tsagwaronta, ko da wasa kada a daka a ba mai ciki. Haka ruwan tumfafiya, yana taɓa bugun zuciya.

Dabino shi ne na fi sakin jiki da shi. A Jodan an yi wani bincike da aka wallafa a 2011: mata 69 suka riƙa cin dabino shida kullum a sati huɗun ƙarshe, aka kwatanta su da mata 45 da ba su ci ba. Masu cin sun iso asibiti bakin mahaifarsu ya fi buɗewa, kuma kashi 96 cikin 100 naƙuda ta zo musu da kanta, a ɗaya ɓangaren kashi 79. Binciken ƙarami ne, amma abin da aka gwada abinci ne, ba ya tilasta wa mahaifa komai. Ki lura ma da ƙissar Nana Maryam a Alƙur'ani: naƙuda ce ta riga ta kai ta gindin dabinon, sannan aka ce ta girgiza ya zubo mata ta ci ta sha ta kwantar da hankali. Guzurin mai naƙuda ne, ba a ce shi ya tayar da ita ba. Ki ci shida a rana, ki rarraba su. Mai suga kuwa sai ta tambayi likitanta tukuna.

Miyar kuɓewa, lalo, karkashi, duk ki sha. Yauƙinsu ba ya zuwa inda ake zato, hanyar abinci daban hanyar ɗa daban, amma suna sauƙaƙa bayan gida, kuma ganye ne mai amfani. Citta, kanumfari, kimba da masoro gwargwadon abin da ake sa wa a kunu ko miya babu laifi. Inda nake taka burki shi ne a tafasa su da yawa su yi kauri a sha kofi-kofi da niyyar tayar da ciwo, nan sun tashi daga kayan ƙamshi sun koma magani marar awo. Wannan busasshen tsiro mai kama da dunƙulen hannu da alhazai ke zuwa da shi, kaffu Maryam, wanda ake jiƙawa ya buɗe, ki bar shi a kwano ki yi kallon ikon Allah, ruwan dai kada ki sha. Matsi kowane iri da tsuguno a kan hayaƙi ki nisance su, musamman in faya ta fashe, hanya ce ta kai ƙwayar cuta har wurin ɗa. In kuma wata ta zo da reza ta ce gishiri ne ya tare hanya sai an yanka, ki ce a kai ki asibiti ko da ihu ne. Cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina ta ga mata da yawa da wannan yanka da doguwar naƙuda suka kai su can.

Addu'a kuwa ki riƙe ta da hannu biyu, ni ma da ita nake shiga ɗakin haihuwa. Ki yi ta a gida, ki yi ta a mota, ki yi ta a kan gado. Abin da nake roƙo kawai kada a zauna jiran malam ya gama rubutu alhali jini na zuba.

Na san abin da ke hana mata zuwa wurinmu, ba sai an faɗa mini ba. Tsoron a ce aiki, tsoron kuɗi, da tsawar da wasu abokan aikina ke yi wa mace tana tsakiyar ciwo, abin da ni kaina nake jin kunyarsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti a lokacin, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ko rabin haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Abin takaicin, mai shan jiƙo don gudun aiki sau da yawa ita ke ƙarewa a ɗakin tiyata, saboda ɗan ya galabaita kafin ƙofa ta buɗe. Sauri ya haifi nawa kenan.

In lokacin ya wuce da gaske ba za mu bar ki haka ba. Ka'idar ita ce idan ciki ya cika sati 41, kuma lissafin tabbatacce ne, a tayar da naƙuda, don daga nan mabiyiya takan fara gajiya. Akan yi kafin haka idan jini ya hau, ko akwai suga, ko faya ta fashe ciwo bai zo ba, ko ɗa ya rage motsi. Game da tabbacin lissafi, sikanin ɗin da aka yi a wata ukun farko shi ne abin dogaro, kuskurensa bai wuce kamar sati ɗaya ba, na watannin ƙarshe kuwa yana iya kaucewa da sati uku. Ki duba wanne aka yi miki amfani da shi. Kuma ba kullum ake farawa da ruwan naƙuda ba. Daga sati 40 ungozoma na iya sa yatsa ta ɗan zagaya bakin mahaifa ta raba shi da fatar faya, abu ne na minti ɗaya, da ɗan zafi, kuma yakan sa naƙuda ta zo da kanta cikin kwana biyu. Akwai kuma 'yar roba mai balan-balan da ake sa wa ta buɗe bakin a hankali babu magani ko kaɗan.

Kafin nan ki riƙa ɗan tattaki da safe da yamma, ki ci gaba da aikin gida marar nauyi, amma daka da surfe da ake sa mai ciki wai don ɗa ya sauko, gajiya ce kawai. Ki kwanta ta gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi. Kusantar maigida babu laifi in faya ba ta fashe ba, babu jini, kuma ba a ce mabiyiya ta sauko ba. Ki haɗa kayan haihuwa, a san motar da za a kira da dare, a san wanda zai ba da jini in an buƙata. Ki kula da motsin ɗan, ke kika san yadda ya saba. In ya ragu, ko kika ga jini, ko ruwa ya zubo ko da babu ciwo, balle in kore ne, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannu suka kumbura, ko zazzaɓi, to a daren za a tafi, ba sai gari ya waye ba. Ciwon kai da kumburin nan su ne 'yan aiken jijjiga, shi ya sa na matsa miki a kan awon jini tun da farko.

In kuma kin riga kin kurɓa kafin wannan amsa ta iso gare ki, kada ki tsorata, kada kuma ki ƙara. Ki je a saurari ɗan, ki tafi da gorar, ki faɗi yawan abin da kika sha da lokacin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mun sani za mu sa miki ido sosai, kuma ba za mu ɗora miki namu maganin a kan wancan ba.

Saura Hajiya. Kada ki mayar mata da gora, kada ki ce mata maganinta ba shi da kyau, wannan ba faɗanki ba ne. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ajiye. Maigida za ki zaunar yau da dare ki karanta masa wannan, shi zai je ya ce wa mahaifiyarsa a asibiti sun duba sun ce da saura, kuma sun hana shan komai sai an sake awo. A ɗora laifin a kanmu, mun saba ɗauka. In da hali ma ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba. Nakan sa wa irin su abin saurare a kunne su ji zuciyar jikan na bugawa, fat-fat-fat kamar gudun doki, in nuna musu da hannunsu inda kan yake. Sannan ki ba ta aikin da nata ne: ta sayo miki dabino mai kyau, ta kaɗa miki miyar kuɓewa, ta fara tanadin itacen wankan jego.